Ranar da Muka Nuna wa Hajo Dodon Ilya

Shekara tara ke nan da muka ɗauki Ilya mai walda daga gidansa na Malbaza muka kai shi makwanci. Duk damina, in gero ya fara fitar da kai, nakan ce bana zan rubuta wani abu a kansa, sai in zauna in ga ba ni da abin faɗa da ya wuce Allah ya jiƙansa, wannan kuwa ba ya buƙatar shafin jarida. Bana na samu abin faɗa, amma ba irin wanda mutum yake roƙon Allah ya ba shi ba. Mu uku da muka rage cikin abokansa, kowannenmu da furfura da jikoki, mun tafka abin kunya a tsakar gidansa, a gaban matarsa, kuma a kan fim ɗin dodo.

Na san mai karatu zai yi murmushi. Ni ma da wani ne ya ba ni labarin, da na yi. Amma bari in fara da mutumin, don in ba a san shi ba, ba za a gane girman abin da muka ɓata ba.

Ilya ma'aikaci ne a izin, wato masana'antar siminti, ɓangaren walda. Hannuwansa duk tabon tartsatsi ne, idanunsa kullum jajur. Da ƙuruciya ya ƙetara iyaka ya yi shekaru a Sakkwato yana koyon sana'a, ya dawo da abu biyu bayan waldar: kunnen Turanci, da wata tsohuwar na'urar bidiyo mai cin kaset, wadda yake lallaɓawa kamar jinjiri. Ranar Lahadi da ba ya aiki, bayan la'asar, sai ya rataya bargo a ƙofar zaure, ya toshe taga da buhu, ya tada ɗan injin wutarsa a bayan ɗaki, fadarmu ta hallara. Ba gidan kallo ba ne, ba a biyan komai. Mutane kan zo su wuce, amma mu uku ne ba ma fashi: ni Haruna, mai yi wa dabbobi allura a kasuwannin yankin nan, da Alhaji Mamman na Konni, mai motocin ɗaukar kaya, da Mushe Abdu, malamin lakwal, wato makarantar boko, a Illela (Mushe muke ce wa malamin boko a nan), wanda yakan hau babur ya zo ko ana ruwa.

Ilya ba ya zama tare da mu. Yakan kifa bokiti a gefen tele ya zauna, fuskarsa rabi gare mu rabi ga hoton, yana fassara. Mushe Abdu ya daɗe yana zargin rabin fassarar ƙirƙira ce, mai yiwuwa kuma yana da gaskiya. Ilya yakan raɗa wa Turawan cikin fim sunayenmu, ya ba su dangi da gonaki, har ya gaya mana abin da suke tunani lokacin da bakinsu yake rufe.

Finafinan tsoro muka fi so, cikinsu kuma akwai guda da ya zama namu. Sunansa na Turanci ban taɓa iya faɗa daidai ba, mu Mai Kira muke ce masa. Labarin wasu leburori ne da aka ɗauka a jirgi aka kai wata duniya mai nisa haƙar ma'adini. Cikin ramin da suke haƙa akwai wata halitta. Duk wanda ta kashe sai ta ɗauki muryarsa, ta riƙa kiran sauran da sunayensu daga cikin duhu. A cikin leburorin akwai wa da ƙane. Wan aka fara ɗauka. Sauran fim ɗin duka ƙanen ne yake jin muryar wansa tana kiransa daga ƙasa, a hankali, kamar yadda yake tashinsa da safe a gida. Har fim ya ƙare ba a nuna halittar ba. Ko yatsanta ba mu gani ba.

Ranar da muka fara kallonsa, Alhaji Mamman, mutumin da ya yi shekaru yana tuƙa mota shi kaɗai cikin daji, ya ja hularsa ya rufe ido ɗaya. Muna cikin haka wani ya kira sunana daga waje. Wallahi ban amsa ba. Ya sake kira, na yi tsit. Ashe wani makiyayi ne da saniyarsa ta kasa haihuwa, ya bi sawuna har gidan. Ilya ya yi ta ba da labarin nan har ƙarshen ransa. Abin da ya faɗa da aka kunna fitila ran nan kuwa ban manta ba. Ya ce dodon ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne ka san sarai ba ɗan'uwanka ba ne yake kiranka, amma ka duba ka ga ƙafarka tana tafiya.

Daga nan masu fim suka ga kasuwa ta buɗe. Na biyu ya fito, aka nuna inuwar halittar a bango, muka ce to, ba laifi. A na uku suka ɗauko ta suka kawo ta cikin wani babban birni, suka nuna ta tsaf da rana tsaka: wani abu kamar ƙaton damo mai ƙafafun ƙaguwa, yana kifar da motoci a kan gada. A nan fadarmu ta rabu gida uku, kuma ba ta sake haɗuwa ba. Mushe Abdu ya ce an kashe fim ɗin ranar da aka tsaya yi mana bayanin inda halittar ta fito da abin da take ci, don abin da aka yi wa bayani ya zama darasi, darasi kuwa ba ya hana kowa barci sai malami. Ni na ce kwaɗayi ne kawai: na sha ganin mai saniya yana tatsa har nonon ya fara fita da jini, bai daina ba. Alhaji Mamman kuwa ya ce mu duka surutu ne da mu, na ukun ya fi na farko, don aƙalla an ga abin da aka zo gani, ba a zaunar da mutum cikin duhu yana sauraron iska ba.

Ilya fa? Ilya dariya ya yi. Da damon nan ya bayyana sai ya dakatar da fassara ya ce, “Kai, wanga ai da barkono za a ci shi.” Ra'ayinsa yana kusa da namu ni da Mushe, bai kuma ɓoye ba. Amma in gardama ta yi zafi, shi ne yake zuga Alhaji. Yakan ce, “Hwaɗa musu, Alhaji, kada ka bari su rena ka.” In Alhaji ya fara rinjaye sai ya koma bayan Mushe. Mukan tashi da magariba kowa yana ganin shi ya ci, mu yi salla sahu ɗaya, mu watse. A lokacin na ɗauka haka gardama take da kanta. Ban san aiki ne wani yake yi ba.

Na huɗu ne na ƙarshe da Ilya ya gani. Bayansa da 'yan watanni hawan jini ya kayar da shi a gonarsa, yana noman farko. Bai kwana biyu ba ya cika.

Tun daga nan an yi wasu huɗu, kowanne ya fi na gabansa hayaniya. Halittar da ta cika zaure da tsoro ba tare da ta nuna fuska ba, yanzu da na'ura ake zana ta, ɗaruruwa a lokaci guda kamar fara ta sauka a gona. A wani ma har an horar da guda tana bin mutane kamar kare. Mu kuma fadarmu ta koma cikin waya. Kowa yana kallo shi kaɗai a ɗakinsa, ya aiko da saƙon murya, sauran su saurara su mayar da martani. Gardamar dai ita ce ta dā, sai dai babu shayi, babu salla sahu ɗaya a ƙarshenta, babu kuma mai zama a kan bokiti. Maganar da in an faɗe ta ido da ido dariya za a yi, in ta zo ta waya sai ta kwana a zuciya.

Nakan tambayi kaina abin da Ilya zai ce da ya ga zamanin nan. Na tabbata finafinan za su ba shi haushi, amma ina jin kallon mutum shi kaɗai zai fi damunsa. A wurinsa tsoro abin ci ne da ake sa hannu tare. Ina kuma jin zai saurari wata magana da Alhaji Mamman ya taɓa yi, wadda muka yi watsi da ita don daga bakinsa ta fito. Ya ce ba fim ne ya lalace ba, mu ne tsoronmu ya samu wurin zuwa. Mutumin da direbobinsa suke kan hanya a shekarun nan, yana zaune da waya a hannu har sai an ce masa an isa lafiya, wane dodon roba ne zai firgita shi? Ranar da ya faɗi haka na amsa masa da ba'a. Da Ilya ne, da ya tsaya ya juya maganar a ransa.

To, ga abin da ya faru bana.

Hajo, matar Ilya, takan yi sadakar masa da fura duk shekara in lokacin rasuwarsa ya zagayo. Mukan je, a yi addu'a, mu gaisa mu tafi. Bana bayan maƙwabta sun watse, muna zaune mu uku a ƙarƙashin rumfa, sai ta fito da mayafinta ta shimfiɗa tabarma nesa kaɗan ta zauna. Autarsu Balki, wadda take aikin jinya a Illela, tana tsaye a bayanta. Hajo ba mai yawan magana ba ce. A duk shekarun da muka yi muna shiga gidan nan, ban taɓa jin ta faɗi abin da ya wuce gaisuwa ba.

“Malam Haruna,” ta ce, “ina da roƙo gare ku. Fim ɗin nan na marigayi Malam, wanda kuke ta magana. Ya sha ce mini in zo in gani, ni kuwa kunyarku nike ji, ga aiki. Yanzu na tsuhwa, kunya ta ragu. Ina son in ga abin da shike so haka.”

Muka dubi juna, daɗi ya kama mu. Balki ta shiga ta fito da kaset ɗin daga cikin akwatin mahaifinta, amma zaren ya manne ya yi fumfuna, na'urar kuma ɓeraye sun gama da wayoyinta tun tuni. Ta gwada nemo na farkon a wayarta, hadari ya hana saƙo shiga. Ta ma ce, tana dariya, ita ta taɓa gwada kallonsa barci ya ɗauke ta, don mutane ne kawai suke yawo da fitila ba abin da ke faruwa. Mushe Abdu ya buɗe baki zai yi mata darasi, sai Alhaji ya tare shi.

“Ina da sabon nan cikin wayata, na takwas. Yarana sunka sa mini. Ai duk abu guda ne, dodon dai shi ne.”

A nan ya kamata in ce a'a. Na san ba abu guda ba ne, shekara da shekaru ina faɗar haka. Amma matar ta riga ta gyara zama, ban so a ce mata ta jira wata rana. Akwai kuma abin da ban sani ba sai daga baya: cikinmu babu wanda ya kalli na takwas ɗin. Ni da Mushe mun yi wata biyu muna zaginsa daga ɗan tallan da muka gani. Alhaji ya yi wata biyu yana kare shi bai buɗe shi ba.

Balki ta fito da tele ƙarƙashin rumfa ta haɗa da wayar. Aka fara.

Babu leburori, babu rami. Wasu samari da 'yan mata ne a jirgin shaƙatawa, suna rawa, tufafin da ke jikin matan duka in an haɗa ba za su yi ɗankwali ɗaya ba. Da Faransanci aka juya maganar, don haka Mushe Abdu ya ɗauki fassara. Bai yi nisa ba ya ci karo da wata kalma, ya yi tari, ya ce ba a ji sosai. Can biyu daga cikinsu suka shige ɗaki suka fara abin da ba a kallo gaban surukai. Balki ta yi wuf ta tura fim ɗin gaba, kanta a ƙasa. Inda ta tsaya kuwa dodannin ne sun cika jirgi, suna yayyaga mutane, jini yana fantsama har kan gilashin hoton. Ɗaya ya haɗiye wani saurayi, ya yi gyatsa, sannan ya yi waƙa da muryarsa. An shirya wurin ne don a yi dariya.

Ni dai tabarma nake kallo. Na san kowane zare na tabarmar nan yanzu. Hajo kuwa ba ta kau da kai ba ko sau ɗaya. Ta zauna a miƙe, hannuwanta a kan gwiwa, tana kallo kamar wadda aka ba amana. Da abin ya kai wani wuri sai ta ɗaga hannu, Balki ta kashe.

“Wanga shi ne?” ta ce. “Wanga ne abin da Malam shike barin tuwonshi shi huce a kai?”

Tambaya ce mai sauƙi, amsarta ma mai sauƙi. Da ɗayanmu ya ce, a'a Hajo, ba shi ba ne, mun yi kuskure, ki ba mu mako guda, da an wuce wurin. Amma kunya in ta kama namiji takan nemi wanda za ta faɗa wa. Mushe Abdu ya juya kan Alhaji.

“Ka gani? Ka ga abin da kake yabo? Ka kawo ƙazanta gidan mutum ranar sadakarshi!”

“Ni na yi fim ɗin?” in ji Alhaji. “Da anka ce a sa, bakinka ciwo shike? Kullum ku ne masu sani. Ni jahili ne, na ji.”

Mushe ya ce, “Ba ka taɓa gane fim ɗin ba, tun na hwarko. Shayi kake zuwa sha. Ilya haƙuri kawai shike da kai.”

Alhaji ya miƙe tsaye, ya dube ni. Shekara talatin muna tare, ya dube ni yana jiran in ce wa Mushe ya isa. Ni kuwa haushin tabarmar nan yana cina, ina neman inda zan sauke. Sai na ji bakina yana cewa, “Gaskiya Mushe ya hwaɗa. Ni Ilya ya taɓa gaya mini haka da bakinshi.”

Ilya bai taɓa gaya mini haka ba. Ko mai kama da haka bai taɓa faɗa ba.

Abin da ya biyo baya ba zan rubuta shi duka ba. Murya ta tashi, aka tono maganganun waya na shekaru, aka ambaci iyaye. Na ga kawunan matan maƙwabta sun leƙo ta saman katanga, waɗanda ɗazu suka ci masar sadaka. Balki tana cewa, “Baba Alhaji, don Allah. Baba Mushe, don girman Allah,” ba mai jin ta. Hajo ta tashi ta tattara ludayi da kwanonin fura ɗaya bayan ɗaya, a natse. Ƙarar kwanonin ce ta sa muka yi shiru.

“Ni ta bayan katanga nike jin ku dā,” ta ce, ba ta dubi kowa ba. “Shiru nike ji mai tsawo, sai muryar Malam, sai kuma dariya. Shi ya sa na ɗauka abin kirki ne.” Ta ɗaga kai ta dubi sama. “Ku tahi gida, hadari na tasowa.”

Ba a taɓa korata daga gida da ladabi irin wannan ba. Muka fita kowa ya nufi abin hawansa, ba sallama.

Makonnin da suka biyo baya zauren wayarmu ya mutu. Ina kasuwar Dogarawa ina yi wa shanu allura, hankalina yana Malbaza. Abu biyu suka hana ni sakat. Na farko, matar nan ta zo da hoton mijinta mai kyau a zuciya, ta roƙe mu mu ƙara mata haske a kai, muka shafa masa taɓo. Yanzu in ta tuna Lahadin nan da bargo a ƙofa, me za ta ɗauka muna kallo? Na biyu ya fi nauyi. Na ɗauki mutumin da ba ya iya kare kansa, na sa masa magana a baki, na soki abokinsa da ita. Mun shekara muna zargin masu fim da cewa sun ɗauki abu mai daraja sun wulaƙanta shi don biyan buƙatarsu. Su aƙalla ba su san Ilya ba.

Wata Lahadi na kasa daurewa, na hau babur na tafi. Ina shan kwanar gidan na ga motar Alhaji a ƙofa. Na yi niyyar juyawa, sai dai yaran unguwa sun riga sun gan ni. Na yi sallama na shiga. Yana zaune a ƙarƙashin rumfar, hularsa a gwiwa, Hajo tana kan tabarmarta. Ya amsa sallamar bai dube ni ba.

Na durƙusa na gaishe ta, na ba ta haƙuri. Sannan na ce, a gabanta, don a gabanta na yi ɓarnar: “Alhaji, maganar da na ce Ilya ya hwaɗa, ƙarya na yi. Bai hwaɗa ba.”

Ya daɗe yana juya hular. “Na yi kwana da kwanaki ina tunanin maganar nan,” ya ce. “Ina cewa ashe haka nike wurinshi.”

Hajo ce ta amsa masa. Ta ce Malam in ya shigo bayan mun watse yakan zauna cin tuwonsa mai sanyi yana dariya shi kaɗai. In ta tambaye shi, sai ya ce, yau ma Mamman ya hana su sakat, Allah ya bar mana shi. Ranar da bai zo ba kallon ba ya daɗi, don sauran biyun bakinsu ɗaya. Alhaji ya sa hular a fuska kamar mai goge gumi. Ni kuma na karɓi rabona a cikin maganar, don ni ne ɗaya daga cikin biyun.

Ashe abin da ya kawo Alhaji, ya sa wani direbansa ya nemo masa na farkon daga ƙetaren iyaka, na ainihi. Ya fito da wayar ya ce in ta yarda a sa mata yanzu, ya rantse ya kalla daga farko har ƙarshe babu abin kunya a ciki.

“A'a, Alhaji,” ta ce. “Idona ya ƙoshi. Ku kai can ku kalla ku uku, har da Mushe. In kun gama ku zo nan ku ba ni labarin da baki, in ji ko cikinku akwai mai iya ba da shi.”

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta kawo mana ruwa, muka sha. Abin da ta zo nema ran sadaka dai mun hana ta shi, kuma ba na jin za ta sake nema.

Da muka fito an fara yayyafi. Alhaji ya ce a ɗora babur ɗina a bayan mota ya sauke ni. Mun wuce izin, mun wuce jerin manyan motocin siminti da ke jiran lodi. Sai da muka hau kwalta sosai ya yi gyaran murya.

“Haruna, na takwas ɗin nan shara ne.”

“Na ukun kuma bai kai munin da nike hwaɗi ba,” na ce. “Wurin gadar nan, sai da na riƙe kujera.”

Ya juyo ya dube ni har motar ta ɗan karkata. “Shekara ashirin kana ɓoye wanga?”

Yau in na auna abin da ya rage na Ilya, ba kaset ba ne, ya ruɓe. Ba fim ɗin ba ne, masu shi sun sayar da shi gunduwa-gunduwa, kuma haƙƙinsu ne. Akwai ƙofofin ƙarfe da ya ƙera a gidajen Malbaza da har yanzu ba su sauka daga maratayinsu ba. Akwai 'ya'ya da suka tashi da mutunci, da mace da ta iya korar dattawa uku ba tare da ta ɗaga murya ba. Sai kuma mu, aikinsa da ya fi ba shi wahala: mutum uku da ba su yarda da juna a kan komai ba, ya riƙe su a ɗaki ɗaya shekara da shekaru, har suka ɗauka halinsu ne mai kyau. Wannan aikin ne muka kusa rushewa cikin yini guda, shi ne kuma kaɗai cikin abubuwan da ya bari wanda gyaransa yake hannunmu.

Mushe Abdu bai je gidan ba har yau, ba ya kuma ɗaukar waya. Na san shi. Ba fushi ne ya riƙe shi ba, abin da ya riƙe ni ne. Mun yanke ni da Alhaji ba za mu sake aika masa saƙo ba, da ƙafarmu za mu je. Allah ya jiƙan Ilya, ya haskaka makwancinsa, ya yafe masa kurakuransa. Mu kuma da muka rage, Allah ya bar mana kunyar nan da ɗuminta har ta kai mu Illela.